Sabar da Ta Riga Rana Faɗuwa

Duk wanda ya san Suhaib a Hayin Banki ya san agogon hannunsa ba ya tafiya da na kowa. Gado ya yi wurin mahaifinsa, tsohon ma'aikacin gwamnati, mai tura nasa gaba don kada ya makara ofis. Suhaib ya saba har ya manta yana yi.

Shi ke kula da kwamfutoci a wani ƙaramin gidan rediyo. Babbar cikinsu, wadda suke kira saba, ita ke sakin kiran sallar magariba da kanta. Da azumi rabin unguwa da shi suke buɗe baki, wasu ladanan ma sai sun ji shi suke kira. Mahaifiyarsa, Inna Kaltume, ba ta da wani agogo sai shi.

Ana gab da azumi sabar ta kasa ɗauko lokaci daga intanet. Ya duba wayoyi, ya kashe ya kunna, shiru. Ga aiki ya sha masa kai. Sai ya dubi agogon hannunsa ya saita mata lokaci, ya ce sauran sai daga baya. Kai, "daga baya" ta cuci mutane!

Azumin ya zo da hadari, kullum yamma gari a lulluɓe. An kai tsakiyar azumin sai wani malami daga Kinkinau ya bugo waya.

"Malam Suhaib, yau gari ya washe. Wallahi ina kallon rana da idona kuka yi kira."

Nan take Suhaib ya koma kan sabar. Ya bi saitin ɗaya bayan ɗaya, ya tarar wata manhajar tsaron kwamfuta da aka sabunta ce ta toshe ƙofar da lokaci ke shigowa. Yana buɗewa agogon sabar ya ja da baya a gabansa, ba minti ɗaya ba, ba biyu ba. Ya kira malamin ya nemi hukunci.

"Ramuwa ce," in ji malam. "Duk wanda ya sha ruwa da kiranku."

Washegari za a sanar a rediyo, amma gida ya fara nufa. Ya sami Inna a jingine da bango, ta rame, da ƙyar take kai kowace rana.

"Suhaibu, taya ni godiya," ta ce. "Likita ya ce ba zan iya ba, ga shi bana ban sha ko ɗaya ba."

Ya durƙusa a gabanta, ya ce, "Inna, akwai magana a kan azumin nan."