Mai Jefa wa Tafki Cinyar Kaza

A kantin maganin tafkin wanka a Darwin, gari mai yawan kadoji, wani dattijo ne a gabana, ƙafafu kamar sillen kara. Yana rungume da kwalbar ruwa kore shar, kamar mai kai fitsari asibiti.

Noelene mai kantin ta ɗaga kwalbar. "Baba, ruwa ne ko romo? Har da maiƙo!"

"Cinyar kaza nake jefawa a tafkin gidana kullum, 'yata. Tun da aka yi ambaliya gansakuka ta rufe tafkin, ga jikokina za su zo iyo ran Asabar. Gara in san ko wani kada ya shiga ciki."

"Ai naman ne ke ɓata ruwan!"

Yana ta murza hularsa. Da gani shi kaɗai yake zaune, babu mai kwaɓarsa.

"Wane naman? Ko ƙashi ban taɓa tsamowa ba."