Ta'aziyyar Kubura a Gidan Clara

Kubura ta sauka a Handsworth, wata unguwa a ƙasar Turawa, cikin watan Disamba, tana amarya, kuma kafin ta cika mako ta yanke hukuncin cewa annoba ta faɗa wa layinsu. Kowace ƙofa da zoben ganye a rataye. Ita kuwa sau ɗaya ta taɓa ganin irin zoben nan, a kan akwatin gawar wani malaminsu Kirista a Kaduna.

Mijinta Bara'u injiniya ne, ba ya wuni a gida, balle ta tambaye shi. Kaɗaici na cinta. Mace ce da ta saba da leƙa gidan maƙwabta, ga shi nan ko sannu babu mai ce mata. Sai ta ce a ranta, ko ba komai mutuwa ai tana buɗe ƙofa. Ta dafa shinkafa da wake, ta cika kula, ta yafa mayafi, ta ƙwanƙwasa gidan da ke jikin nasu.

Clara, wata dattijuwa 'yar asalin Jamaika, ta buɗe. Kubura ta sunkuyar da kai ta yi mata ta'aziyyar maigida da Turancin makaranta, har da ƙwalla. Tana cikin yi sai ga mamacin, Jeremiah, ya fito daga kicin yana taunar biskit, yana tambayar wa ya mutu.

Clara ta yi dariya har ta zauna a kan matakalar bene. Amma ta karɓi abincin, kular ba ta dawo da komai ba, kuma a ranar Clara ta koya wa Kubura yadda ake ɗaure ganyen Kirsimeti.

Kubura ba ta iya bin abu yadda aka koya mata. Ta ce zoben waya ragwanci ne, sai ta riƙa saƙa nata kamar bakin faifai, ta jera masa busasshen barkono da zoɓorodo da kanumfari. Mai kawo wasiƙa ya sha atishawa a layin nan. Bara'u ya yi ta mitar cewa miyarsa ta yi lami, yajin gidan duk yana rataye a ƙofofin mutane.

"Ka kai ƙara hukumar council mana," in ji Kubura.

Da Sallah takan saƙa mai siffar jinjirin wata, Jeremiah ya hau kujera ya rataya mata. Shi ne mai rataye na gidajen biyu, kuma duk shekara sai ya dafa ƙirji ya shaida mata cewa har yanzu yana nan da ransa.

A bara sai Jeremiah ya kwanta a asibiti. Kubura ta saƙa musu zoben duk da haka, ta miƙa wa Clara. Wata safiya ta fito, ta ga layin duk ya yi ado, ƙofa ɗaya ce kawai tsirara, zoben na jingine a ƙasa. Ƙofar Clara ce. Ba ta tambayi kowa ba, ta koma ta ɗora tukunya tana kuka.

Clara ta buɗe, ta dubi kular, ta dubi mayafin.

"Wannan karon ba ki yi kuskure ba," ta ce. "Shigo."