Ƙahon da Doreen Ta Gada

Doreen Askew ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Ko shayi a tsaye take shan sa, baƙi, don ta bar madara da nama tun tana budurwa. Daga Litinin zuwa Juma'a tana feren dankali a kicin ɗin makarantar ƙauyenmu, nan arewacin Ingila, hankalinta na kan tsaunuka. Asabar kuwa, muddin lokacin farauta ne, kafin raɓa ta bushe ta shige daji, ƙahon tagulla rataye a wuyanta.

A gidan karnuka ta tashi. Mahaifinta ne ke kiwon karnukan da mafarauta masu jajayen riguna ke farautar yanyawa da su a kan dawakai. Shi ya koya mata busa, ita da ƙanenta Clive, busar kora karnuka da busar kiransu. Doka ɗaya ya kafa musu: ba a kiran kare alhali akwai titi a tsakani. Ranar da ta ga abin da karnuka suka rage na wata yanyawa, jela da ɗan jan gashi a kan ciyawa, ta bar gidan da ƙahon tsohon. Clive ya gaji aikin, ita ta gaji numfashin. Tun daga nan, in ya busa karnuka suka bi sawu, sai ta busa daga wani kwari su watse, yanyawa ta tsira, don ba sa bambance bakinsu.

An kama ta, an ci ta tara, an taɓa jefa ta cikin rafi. Har furfura ta fito mata tana wannan aiki.

Wata Asabar mai yayyafi tana tsaye bayan shinge ita da Nigel, tsohon ma'aikacin gidan waya da ke kawo ta a motarsa, sai ga yanyawa ta gangaro daga tudu, harshe a waje, karnuka a bayanta kamar ruwan da ya ɓalle. Tsakanin Doreen da su akwai babban titi, manyan motoci na ta wucewa.

"Busa mana, Doreen," in ji Nigel. "Ko sai sun cinye ta za ki yi mata busar jana'iza?"

Ta kai ƙahon baki, ta sauke. In ta busa daga nan, karnukan za su tsallako wurinta ta ƙarƙashin tayoyi, karnukan da ta san sunayen kakanninsu. In ta yi shiru, yanyawar ta mutu.

Yanyawar ce ta raba gardama. Ta kutsa shinge, ta ratsa titi, ta wuce ta gefen takalmin Nigel. Karnuka suka doshi titin. Can baya dokin Clive ya maƙale a taɓo, shi kuma Clive yana ta busar kira, iska na kwashewa.

Doreen ta ɗaga hannu ta faɗa titi. Wata mota ta ci birki, direban ya zage ta tas. Da gwiwoyinta masu ciwo ta haye shingen ƙetare, ta ratsa ta tsakiyar karnukan, ta hau gangare, sannan ta juyo ta saki doguwar busar tsohon. Karnukan suka tsaya cak, suka waiwayo. Ɗaya bayan ɗaya suka hauro suna lasar hannunta.

Clive ya iso a ƙasa, taɓo har cinya.

"Yaya, har yau kina jan ƙarshen busar nan kamar saniya mai naƙuda."

"Kai kuma huhunka ya tsufa. Duba su, sun cika?"

Ya bi su da ido. "Sun cika." Ya share fuska. "Kin kuma ɓata mini farauta."

"Da ɓata ta kawai na so, da daga can na yi, da busasshiyar ƙafa."

"Zo gida ki sha shayi. Ba zan zuba madara ba."

"Asabar mai zuwa ta wane ɓangare za ku fita?"

"Ki nemo da kanki, ai kina da kunne."

Ta bi shi. A tsaye ta sha shayin, jikin taga, tana kallon tuddan da ruwa ke rufewa, tana laluben wanda itatuwansa suka fi duhu, inda take zaton za su fita Asabar mai zuwa.