Sunan da Kwamfutar Yaya ta Ƙi Saki

Yayana ne ya buɗe shagon intanet ɗin a Yelwa, kan hanyar da ke gangarawa tashar jiragen ruwa. Ni aikina tarbar masu shigowa da buga wa mutane takardu. Lokacin abin sabo ne a wajenmu, har tsofaffi kan tsaya su kalli farantin tauraron ɗan Adam da ke kan rufi suna tambaya ko da shi ake neman watan azumi. A lungun shagon akwai wata tsohuwar kwamfuta da muke kira Hajiya, saboda nauyin jikinta da jinkirin tashi. Ita ke karɓo intanet daga faranti ta raba wa sauran kwamfutocin. Katuna biyu ne a cikinta, 'yan ƙarafan da ake jona wa wayar intanet, ɗaya na wayar faranti, ɗaya na wayar cikin shago.

Wata damina Yaya ya sauya mata babbar manhaja, ya ɗora sabuwa daga wani faifai da aka aiko masa. Yini guda yana fama, ina yi masa tsiya: "Abin da bai lalace ba, mi ya kai ka gyaransa?" Ta kuwa tashi lafiya lau. Ana nan sai wani abokinsa na Wara, can ƙasar Ngaski, ya kira shi ya taya shi haɗa nasa farantin. Yaya ya kashe Hajiya, ya zare katin faranti, wai shi ya san halinsa, ya naɗe a leda ya sa aljihu. Ya cusa wani sabo a gurbinsa, ya ce mini, "Kar ki kunna ta. In na dawo sai in daidaita."

Ranar kasuwar Wara ce, jirgin ruwan da ya shiga ya cika maƙil. Aka ce iska ta taso, jirgin ya daki ɗaya daga cikin kututturan da ruwan madatsa ya shanye tun kafin a haife mu, ya kife. Sarkawa sun yi kwanaki suna nitso, sun fito da mutane da yawa, aka yi musu sutura. Yaya ba a same shi ba.

Inna ta ce ba a yi mutuwa a gidanta ba. Mata suka zo gaisuwa, ta ce musu tafiya ya yi. Liman ya aiko a ba shi izini a yi wa Yaya sallar gawa, ta ce wa ɗan aiken ya gaida Malam. Ni kuwa, wayyo, har na fi ta zafi. Wata maƙwabciyarmu ta ce mini "sai haƙuri", na wanke ta tas, na raka ta har ƙofar gida da baƙar magana.

Da zaman gida ya ishe ni sai na buɗe shago, na tada janareta, na kunna Hajiya. Ta yi gurnaninta, rubutu ya rinƙa gudu a baƙin allo, sai ta tsaya cak a wani layi. Turancina ya kai in gane: tana neman abin da ake kira eth0, ba ta same shi ba. Ta jira, ta jira, sannan ta wuce. Intanet ko ɗigo. Na sauya waya, na hure ƙura, na zare sabon katin na mayar, na sa aka hau rufi aka duba faranti. Kullum da safe a wurin nan take tsayawa, kamar mai kasa kunne ga takun wani a waje. Har na koma barin ƙofa a buɗe kafin in kunna ta, don ba na son zama ni kaɗai da jiran nan.

Kuskurena shi ne da na ba Inna labari. Fuskarta ta washe, abin da na manta rabona da gani. Ta ce, "Kin gani ko? Ko ƙarfe ya san shina nan tahe. Mutane na da ido amma ba su da sani." Daga ranar, ina shiga gida da la'asar za ta tare ni: "Ta tashi?" In ce a'a. Ta ce alhamdu lillahi, ta zauna ta ci tuwo sosai. Da ƙin tashin kwamfuta uwata ke rayuwa, ni kuma na sani.

Daga baya na samu injiniyan kamfanin da suka kafa mana faranti a waya. Mutum ne mai magana a hankali kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ya sa na rinƙa buga abin da yake faɗa a kwamfuta ina karanta masa abin da ya fito. Da na ce na ga eth1 da eth2 amma babu eth0, sai ya yi ɗan dariya. Ya ce sabuwar manhajar hali gare ta: kowane kati yana da lambarsa ta haihuwa, ita kuma takan ɗaure wa lambar suna, ta riƙe har abada. Sunan farko na tsohon katin ne, shi ya sa ta ba sabon wani suna dabam, alhali duk tsarin shagon sunan farko yake kira. Ya bi da ni har inda layin da ya ɗaure sunan yake. Ya ce, "Goge shi kawai, Malama. Ai wancan katin ba zai dawo ba."

Na ce, "Kai wa ya gaya maka? Kai ne Allah?" Na kashe waya. Bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba.

Na zauna ina kallon layin. Lambar wani ɗan ƙarfe ce da ke cikin leda, cikin aljihu, a ƙarƙashin ruwa. Tun da abin ya faru ban taɓa barin zuciyata ta bi aljihun nan har ƙasa ba sai ranar. Na yi kuka irin wanda na hana maƙwabta su yi. Da na gaji na goge layin, na kashe Hajiya na sake kunnawa. Ta iso wurin da take tsayawa, ta wuce fit, ko waiwaye babu. Sai da na ji haushinta.

A hanya na shirya ƙaryar da zan yi. Amma da na shiga, Inna na tankaɗe a tsakar gida, ta ɗago ta ce, "Ta tashi?" sai bakina ya ƙi. Na ce, "Ta tashi, Inna. Ni na tashe ta."

Ta ajiye rariya, ta karkaɗe zaninta, ta juya ta fuskanci wajen gulbi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Yaya, ɗan farinta, a bakinta ba. Ranar ta kira shi, da ƙarfi, har muryarta ta tsage, ta tsaya tana saurare. Sannan ta ce mini, ba ta ko dube ni ba, "Ɗauko tabarmi ki shimfiɗa a zaure. A gaya wa mutane su taho."