Ranar da Na Roƙi Gandiroba Ya Bar Ni a Ciki

'Yan'uwana matasa, don Allah ku tsaya ku ji. Ni ɗan Ruwan Gizo ne, kuma da can ƙwadago nike yi a gonakin shinkafa. Ban san komi ba sai lauje da masallaci.

Wata rana ina yankan shinkafa bayana ya riƙe. Mai shayin tasharmu ya miƙo mini tiramol, ya ce, "Haɗiye, yau sai ka yanke ta mutum ukku." Na ko yanke. Daga guda sai biyu, har ta kai in ban sha ba hannuna bai riƙe lauje. Na fara satar taki. Daga baya na ɗauke injin ban-ruwa na Kawu na saida, shinkafarshi ta ƙone a tsaye. Alƙali a Mafara ya ce tara ko ɗauri. Ba wanda ya biya, anka kai ni gidan yari.

Can na san wuta, don babu ƙwayar. Zufa, amai, gudawa, ƙasusuwa kamar ana sara. Na daki bango har goshina ya fashe. Sai wani ma'aikacin lafiya, Malam Sani, ya fara zuwa. Ya ba mu magani, ni da sauran masu shan ƙwaya, ya zaunar da mu muna faɗin abin da ke cin mu. Ya ce mini, "Cuta ce, kuma tana da magani, amma in ka yanke a tsakiya za ta dawo da ƙarfinta." Wallahi na fara barci, na fara jin daɗin tuwo!

Sai azumi ya kama. Gandiroba ya leƙo ya ce, "Kai ɗan Ruwan Gizo, naɗe tabarmarka. Wani Alhaji ya biya muku tara sadaka."

Kowa na kabbara, ni na durƙusa. "Yallaɓai, a bar ni in ƙare magani."

"Ka ji mahaukaci! Nan gidan ubanka ne?"

Na riƙe ƙafarshi ina kuka, sunka ɓamɓare ni sunka fitar.

Inna, mahaifiyata, na jira a bakin ƙofa. Muna sauka tasharmu mai shayi ya nuno mini ƙwayar, ya ɗaga murya: "Barka da arziki, maza! Ta yau kyauta ce." Hannuna ya miƙe da kanshi. Na ce, "Inna, riƙe ni, wallahi zan amsa!"

Ta damƙe wuyan hannuna ta ce, "To, yaya za mu yi?"

"Ki maida ni Mafara, asibiti."

Ko gida ba mu leƙa ba, munka koma mota.

Na tuba, na roƙi Kawu gafara, har yau bai amsa gaisuwata. Ina zuwa asibiti, kuma ban bin tasha ni kaɗai. Kada ku amshi ƙwayar farko, ko uban wa ya miƙo muku. Wanda ya riga ya faɗa, ya faɗa wa wani yau, ya nemi magani. Ku kuma masu biyan tara, Allah ya saka, amma in kun buɗe ma mutum ƙofa, ku tambaye shi wa zai riƙe mishi hannu.