Cikin Inna a Gaban Alƙali

Shekara biyu bayan rasuwar Baba, Inna ta auri wani dillalin shanu ɗan Shinkafi. Lokacin ina koyarwa a firamare a Ƙaura Namoda, ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba. Mutumin ga turare, ga doguwar gaisuwa, carbi ba ya barin hannunsa. Sai da cikin Inna ya kai wata biyar kawuna ya jiyo a kasuwar Zurmi cewa angon namu ya yi shekara uku a gidan yari, satar shanu da saran makiyayi.

Inna ta tambaye shi. Amsar da ya ba ta mari ce. Ranar ta kwaso kayanta ta dawo wurina, washegari na raka ta kotu muka nemi a raba auren.

Ya zo zaman da farar riga fes. Da alƙali ya ambaci cikin, ya sunkuyar da kai kamar mai kunya.

"Allah gafarta malam, cikin ga ni ban san shi ba."

A waɗancan shekarun kowa ya san irin wannan magana na iya kai mace ga hukuncin zina, shi ma ya sani sarai.

Alƙali bai ɗaga murya ba. Ya kira kawu, wanda shi ne waliyyi, da limamin da ya ɗaura auren. Suka shaida cewa an yi wata tara da ɗaurawa. Ya ce wa mutumin ciki na mai aure ne, in kuwa ya dage, to ya yi alwala, ga Alƙur'ani, ya rantse gaban jama'a.

Jarumin namu ya dubi Alƙur'anin, tari ya sarƙe shi.

"Zancen fushi ne, malam."

Aka raba auren. Idda sai ta haihu, ci da magani a kansa, renon abin da aka haifa wurin uwa, kuma kada ya kuskura ya taka ƙofar gidanmu. Magatakarda ya rubuta, mutumin ya dangwala yatsa.

A bakin kotu ya biyo mu da sauri. Na ɗauka haƙuri zai ba ta. Ashe rediyonsa da ya bari a ɗakinta yake tambaya.

"Ki aika mishi," in ji Inna, ba ta ko waiwaya ba.

Ƙanena ya zo da damina. Kawu ne ya yanka ragon suna.