Yadda Na Rabar da Itatuwan Fada

Wurno

Ni da ko kasuwa ban zuwa sai an ja ni, ni Fada, limamin cocinmu, ya zaɓa in kai dashen itace ƙaramin cocinmu na Goronyo. Ya ce zafi na ƙaruwa, damina na gajarta, ƙasar da Allah ya ba mu amana mun bar ta tsirara. Mu matan coci mun daɗe muna renon mangwaro da dogonyaro cikin leda. Mutanen Goronyo kuwa sun riga sun gina ramu suna jira.

Ana kiran assalatu na fito da kwando biyu maƙil. Na ce bari in biya Rabah tukuna in ga ƙanwata, tunda an fiddo ni.

Direba ya leƙa kwando. "Inna, mi na wanga?"

"Mangwaro na, ɗana."

"Ikon Allah! Ƙofar gidana ko inuwar kaza babu."

To ya za ni yi? Na ba shi biyu. Wajen Marnona munka tsaya shingen jami'ai, wani ya ce, "Mama, mi kinka kawo muna?" Na dube shi, rana ta gasa shi kamar tsire. Na miƙa dogonyaro.

Rabah

Hantsi munka iso. Ƙanwata ta dama min fura, da dare tuwon gero miyar kuka. Maƙwabta sunka yi ta shigowa sannu da zuwa, kowa idonsa kan kwando. Baƙo dai ba ya zuwa hannu banza, ni kuma ban sawo ko ƙuli ba. Limamin unguwa ya aiko gaisuwa da ƙwan zabi, shi ma na aika mishi uku, don masallacinsu fili na fetal. Da safe kwando guda ya zama wofi, na bar wa ƙanwata ta sa albasa.

Goronyo

Mota, sannan mashin, ƙuguna kamar an daka. Mai mashin ya ce matarsa ta haihu jiya. Kun san sauran.

Katikis, wato mai koyar da addini, ya tarbe ni da jama'a har da waƙa. Ramu a jere, an zuba taki, an saro ƙaya don tsare awaki. Na sauke kwando. Waƙa ta mutu a baki.

"Inna, sauran na cikin mota?"

"Wace mota?"

Wata tsohuwa ta ce, "Ashe ganye anka aiko muna na miya!" Anka kwashe da dariya, ni ko in ce ƙasa ta tsage. 'Yan ƙwarorin da sunka rage munka dasa, ramu da yawa na kallona baki buɗe.

Komawa gida

La'asar na iso Wurno, na wuce wurin Fada kafin labari ya riga ni. Na zayyana mishi tas. Ya ce, "Inna Saratu, kin nuna musu yadda za su tsare su daga awaki?"

"A'a, Fada."

"To ba a dasa ba ke nan. Duk wanda kinka ba, za ki bi shi har gida ki ga itacen ya kama. Ramun Goronyo ma ke za ki cika su."

Na gode Allah da ya maido ni lafiya, na gode wa ƙanwata da furarta. Ni da ke gudun kasuwa, yanzu 'yan tasha daga nesa suke kirana Inna Mai Itace, har kujerar gaba suke aje min.